Abin da Mama Ta Binne a Ƙofar Ɗakina

Gidan da muka yi haya a Kakuri ɗaki takwas ne, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu, kuma duk rigimar da aka taɓa yi a cikinsa daga famfon ta taso ko daga igiyar. Guda ɗaya ce kawai ta taso daga ƙofar ɗakina, ita ce kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata dattijuwa ce 'yar Filato, Kirista, wadda kowa a gidan yake kira Mama. Mijinta ya yi aiki a masaƙa tun lokacin da masaƙun unguwar ke da rai. Masaƙa ta rufe, shi ma bai daɗe ba ya rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, ita ta zauna tana tuyar ƙosai da doya a bakin layi. Ta riga kowa shiga gidan. Ni kuwa tela ce, na tare da keken ɗinkina da bakina, kuma bakin ya fi keken aiki. A watan farko na yi faɗa da mata uku a kan layin famfo. Mama ce ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, ki bar su su ɗiba. Ruwan ba zai gudu ba." Daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba sai 'yata.

A gindin bangon ɗakinta akwai gwangwanayen madara da tsofaffin bokitan fenti a jere, duk ta huda musu gindi da ƙusa. Da rani ba abin kallo a cikinsu, ƙasa ce busasshiya da 'yan siraran ganyaye da suka kwanta. Na sha zolayarta.

"Mama, ciyawa kike kiwo a gwangwani? Akuyar Alhaji mai gidan nan za ta yi miki godiya."

"Ki jira ruwa," in ji ta. "Wannan fulawa ba ya jin ruwan famfo. Ki zuba masa bokiti goma, ganye kawai zai ba ki. Sai na sama."

Gaskiya ta faɗa. Duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi, sai a kwana biyu ba komai, a rana ta uku ka fito da safe ka tarar gwangwanayen sun cika da furanni, kowanne a kan ɗan karansa, yawanci ruwan hoda, wasu farare. Su buɗe da hantsi, su tsuke da yamma, bayan kwana biyu su yi yaushi su faɗi, sai kuma wani ruwan. Furen ruwa take kiransa. Ba ta yi masa wata hidima mai yawa. Yashi take haɗawa da busasshen kashin shanu da 'yar toka, ta kore kaji, ta hana yara tsinka, shi ke nan. Ni dai fure na sani da ganye. Ban taɓa tambayar abin da ke ƙarƙashin ƙasar ba.

Da daminar da na yi ɓari na biyu, ina zaune a bakin ƙofa na rasa abin da ke mini daɗi, furannin nan suka buɗe a gabana. Na ce, "Mama, ina ma a ƙofata suke." Ta ce, "Ba yanzu ba, 'yata. Ba a taɓa shi yana fure. Sai ya yi barci. Kusa da ruwan farko zan sa miki." Na ce to. Irin maganar nan ce da ake yi a wuce, na manta da ita kamar yadda ake manta abin da aka ci shekaranjiya.

Da bazara ta zagayo ina da ciki na uku, wata huɗu. Maigidana direba ne, wani lokaci sai ya kwana uku a hanya, don haka Gwaggo ta taso daga Tudun Wada ta zo ta zauna da ni. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata ina shekara shida. Ba ta taɓa haihuwa ba, ni ce ɗiyarta, kuma a kaina za ta iya faɗa da unguwa guda. Ta zo da butarta da tabarmarta da ƙullin tazargade. Tana amsa gaisuwar Mama, amma ko sau ɗaya ba ta ci ƙosanta ba.

Abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan, daga bakin Gwaggo na ji shi. Ta idar da sallar asuba, gari ya fara haske, ta ji motsi a waje. Ta ɗaga labule kaɗan. Sai ga Mama tsugune a gindin dakalin ƙofarmu, tana tonon ƙasa da tsohuwar wuƙa, tana ciro wani abu daga leda tana turawa, tana rufewa, tana dannawa da tafin hannu. Ta barbaɗa toka a kai. Bakinta kuma yana motsi, tana wani gunguni ƙasa-ƙasa. Da ta gama ta karkaɗe zani, ta ɗauki jakarta ta fice, don dama ranar za ta tafi ƙauyensu hutun Ista.

Gwaggo ba ta gaya mini ba. Ta dai hana ni fita, ta ce rana ta yi zafi. Wajen azahar na shiga banɗaki, na ga jini.

Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba. Na san wannan jinin, sau biyu na gan shi, kuma sau biyun na dawo daga asibiti hannu wofi. Gwaggo ta tare Keke Napep, ta ɗauke ni cak ta tsallakar da ni dakalin don kada ƙafata ta taɓa wurin, ni kuwa ban ma lura ba. Likita ta duba, ta ce zuciyar ɗan tana bugawa, in koma gida in kwanta, kada in taɓa keken ɗinki, kada in ɗauki ko da buta cike. Ta ce sai mun ga yadda sati zai kasance.

Muna dawowa Gwaggo ta shimfiɗe ni a katifa, ta fita tsakar gida ta kira mata. Ina kwance ina kallo ta ƙofa. Ta ɗauko muciya ta fara tono a gindin dakali. Ba ta yi nisa ba ta ciro wani ɗan dunƙule mai baƙar fata, da 'yan saiwoyi a gindi kamar gashi, toka ta manne a jikinsa. Ta ciro wani, ta ciro wani, har bakwai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji matar ɗakin kusa da zaure. "Bakwai cif."

Wata ta ce ai 'yar albasa ce. Gwaggo ta sa wuƙa ta raba ɗaya biyu, ta miƙa mata a hanci. Ba warin albasa ko kaɗan. Matar ta ja da baya tana goge hannu a zani. Gwaggo ta ba da labarin asuba tun daga ɗaga labule har gungunin, ta ce ga jini kuma a rana ɗaya, duk mai hankali ya haɗa da kansa. Ta tattara su a kan tsohon kwano, ta zuba kananzir a bayan gida ta ƙone. Bayan la'asar ta buga wa maigidana waya, ta aika wa Alhaji mai gidan.

Da farko ni ma na tsorata, ba zan yi ƙarya ba. Ban taɓa ganin irin abubuwan nan ba. Amma da tsakar gida ta yi shiru, ina kwance, idona ya sauka a kan jerin gwangwanayen Mama. Biyu daga ciki an kife su, ƙasar a zube a gefe, ba a ko share ba. Sai maganarta ta faɗo mini tas, har da muryarta: kusa da ruwan farko zan sa miki. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma kwanakin nan yana watsewa. Tafiyar sati za ta yi, motar farko za ta shiga, ta ji tsoron kada ruwan ya sauka ba ta nan. Tokar nan ita ce wadda take sa wa gwangwanayenta. Gungunin kuwa waƙar cocinsu ce, wadda ko wanke-wanke take yi ba ta rabuwa da ita. Kafin a kira magariba na san komai.

Gwaggo ta shigo da kunu. Na lallaɓa na ce, "Gwaggo, anya ba irin fulawarta ba ce?"

Ta ajiye kofin. "Fulawa? Da asuba? Da toka? Mutum ya ba ka fulawa sai ya bari kana barci ya binne ta a inda kake takawa? Ke matsalarki yarda." Ta tsaya tana kallona. "Ko ke kika ce ta shuka miki? Faɗa mini gaskiya. In ke kika sa ta, yanzu in fita in ce na yi kuskure."

Da gaske take. Gwaggo tana da zafi amma ba ta zalunci da gangan. Kalma ɗaya ta rage in furta. Na kalli kofin kunu na ce, "Ban tuna ba."

Na daɗe ina ba kaina uzuri a kan wannan amsar. Na ce ai kunyar Gwaggo na ji, matar da ta goya ni, ta riga ta tara jama'a, yaya zan mayar da ita maƙaryaciya a gidan haya. Akwai wannan, amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne, ɓarin farko da na biyu duk a kaina suka ƙare. An ce keken ɗinki ne, an ce zafin zuciyata ne, an ce mahaifata ce ba ta riƙo. Dangin miji ba su faɗa a gabana ba, amma na ga yadda suke kallon cikina kafin su kalli fuskata. Ranar nan, karo na farko, laifin ba nawa ba ne. Idan cikin ya zube, ga wadda za a nuna. Na ji daɗin wannan, Allah ya yafe mini, daɗi na gaske, har na yi barci.

Ranar Asabar wayata ta yi ƙara. Mama ce. Na san gaisuwa za ta yi, ta tambayi jikina, wataƙila ta ce in yayyafa wa wurin ruwa kaɗan. Wayar tana kan filo tana rawa, ni ina kallonta. Gwaggo ta leƙa ta ce, "So take ta ji ko asirin ya ci." Mama ta sake kira da yamma, ban ɗauka ba. Ba ta ƙara kira ba.

Satin nan gidan ya canja. Mu da muke zaune a wannan ɓangaren na Kaduna mun san yadda ƙaramar magana ke girma idan ta ratsa tsakanin masallaci da coci, kowa ya taɓa ganin wani abu ko ya ji daga bakin iyayensa. A gidanmu ɗaki uku na Kiristoci ne, biyar na Musulmi, kuma kafin ranar ba wanda ya taɓa ƙirgawa. Yanzu matar Binuwai da ke ɗakin ƙarshe, wadda nake yi wa ɗinki, ta daina gaishe ni. Ta tsaya a tsakar gida ta ce wa iska, "Tsohuwa ba ta nan, kuna cin namanta. God dey, akwai Allah." Matar kusa da zaure ta hana 'ya'yanta wucewa ta gaban ɗakin Mama. A bakin famfo bokitai suka rabu gida biyu ba tare da wani ya tsara ba. Labari ya fita layi, har masu sayen ƙosai suka ji. Maigidana ya dawo, ya zauna a bakin katifa ya riƙe kai, ya ce shi bai san abin da zai yarda da shi ba, amma ba zai yi wasa da cikin nan ba. Alhaji ya aiko cewa ranar da Mama ta dawo za a zauna.

Jinin ya tsaya a rana ta huɗu. Gwaggo ta ce saboda an tone ne. Na bar ta a kan haka. Zafi ya tsananta, kwanon ɗaki yana ƙara da rana, hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, iska ta kwashe shi. Ina kwance ina lissafin kwanakin dawowar Mama, kullum ina cewa gobe zan faɗa. Kowace gobe kuma maganar ta fi jiya nauyi, don yanzu ba kuskuren Gwaggo kaɗai zan tona ba, har da ƙaryata.

Mama ta dawo ranar Juma'a da rana, ɗan buhu a ka, leda a hannu. Ta yi sallama a zaure, ba wanda ya amsa da ƙarfi. Kai tsaye ɗakina ta nufo.

"'Yata! Na kira ki ba ki ɗauka ba, hankalina ya tashi. Ga acca na kawo miki, ki riƙa kunu, ga dankali." Sai ta yi turus, ta ga ramukan gindin dakali. "Kai, wa ya tone? Kajin nan ko?"

Gwaggo ta fito ta tsaya a ƙofa, ta tare hanya. Ta ce, "Ajiye kayanki can. Alhaji na zuwa."

Bayan la'asar aka fito wa Alhaji da kujera tsakar gida. Dattijo ne mai sayar da kayan gini a Makera, ba ya son hayaniya, kana ganinsa ka san ya fi son yana shagonsa. Aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, Gwaggo ta zauna kusa da ni. Duk gidan ya fito. Gwaggo ta maimaita labarinta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Mama ta fara da dariya. Ta ɗauka wasa ne. Ta duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, dariyar ta mutu. Ta tafi gindin bangonta ta ɗauko gwangwani, ta kife shi a gaban Alhaji, ta farfasa ƙasar da yatsu. Ga su nan, baƙaƙen dunƙulen nan, manya da ƙanana a manne da juna.

"Alhaji, shi ne wannan. Daga nan fulawa yake fita. Yana haihuwa a ƙasa, sai a raba. Ba a sa shi da zurfi, wuyansa kusa da sama. Shi na sa mata."

Na ji gidan ya fara sassautawa. Alhaji ya ɗauki ɗaya yana juyawa. Sai matar kusa da zaure ta ce, "To ai ko da irin fulawa ana yin abu. Wa ya san abin da aka tofa a kai? Mu tambayarmu ɗaya ce, wa ya sa ta? In alheri ne, me ya hana ta faɗa?"

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce wannan ita ce magana. Idan matar ɗakin ce ta nema, to ba shari'a, kowa ya tashi. Idan kuwa ba ta nema ba, binne abu a ƙofar mai ciki da asuba ba abin da za a kau da kai ba ne.

Mama ta juyo wajena, fuskarta a sake, irin ta wanda ya san an gama. "'Yata, faɗa musu. Ke kika ce kina so a ƙofarki. Bara, lokacin da ba ki da lafiya. Kina zaune nan, nan ɗin nan."

Hannun Gwaggo yana kan gwiwata. Ba ta matse ni ba, ajiye shi kawai ta yi. Maigidana yana tsaye jikin bango. Ni mai baki, wadda ba a taɓa kayar da ni a faɗan famfo ba. Na kalli yatsun ƙafata na ce, "Mama, an daɗe. Ba zan iya tunawa ba."

Ban ɗaga kai ba, amma na san Mama tana kallona, kuma na san ta gane. Da mantuwa ce ta gaske da na kalle ta. Can na ji ƙarar gwangwani. Ta tsugunna tana mayar da dunƙulen nan ɗaya-ɗaya, tana tattara ƙasar da gefen hannu.

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba zai kori kowa ba, Mama ta fi shekara ashirin a gidansa bai taɓa jin kanta da kowa ba, amma don zaman lafiya ya kamata a yi tunani. Ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Ba komai, Alhaji. 'Yata ta Narayi ta daɗe tana cewa in koma wajenta. Zan tafi."

Kwana huɗu ta yi tana haɗa kaya. Ba ta sake fita tuya ba. Ranar Talata akori-kura ta tsaya a ƙofar gida, matar Binuwai da mijinta suka taya ta lodi. Gwangwanayen ne ƙarshe, da kanta ta jera su a bayan motar tana tokare su da tsumma. Ina bayan labule. Buhun dankali da ledar acca suna nan inda ta ajiye su ranar da ta dawo, kusa da famfo, ba wanda ya taɓa, har dankalin ya fara tsiro aka zubar.

Ruwan farko ya sauka bayan tafiyarta da sati ɗaya, da rana tsaka, mai ƙarfi, har ya shigo zaure. Kwana biyu ba komai. A rana ta uku na ɗaga labule da hantsi, sai ga su. Biyar, ruwan hoda, a jere a gefen dakalin da ya zagaya ta wajen taga, inda muciyar Gwaggo ba ta kai ba. Ko ganye ba su tsaya yi ba, kara ne kawai da fure, sun buɗe sosai.

Matan gidan sun gani. Kowace ta zo wucewa da bokiti sai ta rage sauri, ta kalla, ta wuce. Matar Binuwai ce kaɗai ta tsaya, ta riƙe ƙugu, ta dube ni, ta yi tsaki. Gwaggo ta fito da buta ta daɗe a tsaye a kansu. Ta koma ɗaki ta zauna a kan tabarma ta ce, "Astagfirullah. Na ɗauki alhakin baiwar Allah."

A nan na fashe da kuka na gaya mata. Na ce tun ranar farko na tuna, tun kafin magariba, tun kafin ta tambaye ni. Na zaci za ta yi faɗa, na ma fi son ta yi. Ta dube ni kamar ba ita ta raine ni ba.

"Ni zato na yi," in ji ta. "Ke kuwa sani kika yi."

Da yamma ta fita bakin famfo, lokacin da mata suka fi taruwa, ta faɗa da bakinta cewa ta yi kuskure, kowa ya shaida. Ba ta ambaci nawa ba. Wannan ta bar mini shi, kuma sai da na kwana uku kafin na iya faɗa wa maigidana. Na kira lambar Mama sau da yawa. Tana shiga, ba a ɗauka.

Na haihu a ƙarshen damina, mace, lafiyayya. Furannin nan biyar sun yi ta fitowa bayan kowane ruwa har na haihu, ina wuce su in shiga ɗaki, in wuce su in fita. Da na yi arba'in na goya jaririyar, matar Binuwai ta kwatanta mini gidan ba tare da ta kalle ni ba, na hau Keke Napep zuwa Narayi. Ban sha wahalar nema ba. Daga bakin layi na hango gwangwanayen madara a jere a gindin wata katanga.

Tana zaune a baranda tana gyaran wake. Ta rame kaɗan. Ta gan ni, ta ajiye tire, ta miƙe.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma ta sani. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa mai sanyi a kofi da murfi, irin na baƙi. Ta karɓi jaririyar ta rungume, ta yi mata addu'a mai tsawo, Allah ya raya, Allah ya sa ta ji ƙan iyayenta. Na durƙusa a kan siminti na faɗi duk abin da na zo da shi. Ban rage komai ba, har daɗin da na ji ranar farko. Ta saurara har na gama, tana jijjiga yarinyar.

"Ya wuce," in ji ta. "Na yafe tun a cikin mota. Tashi, ƙasa da sanyi, ke mai jego ce." Ta gyara wa jaririyar kwanciya a kafaɗarta. "Nawa suka fito?"

Na ce biyar.

"Sha biyu na sa." Ta gyaɗa kai. "Biyar ma zai isa. Yana haihuwa. Kada ki yanke ganyen, ki bari ya bushe da kansa, a nan yake tara ƙarfi. Da rani ki ƙyale shi, kada ki dame shi da ruwa, zai ruɓe. Bayan shekara biyu ko uku ki tone ki raba. Kuma in yarinyar nan ta fara rarrafe ki sa ido, Hajiya, kada ta kai shi baki. Yana da guba."

Na zauna har rana ta karkata, ina jiran kalma ɗaya. Ta tambayi Gwaggo, ta tambayi maigidana, ta tambayi ko an gyara famfo. Ta ƙulla mini ƙosai a leda, ta ce yanzu na gida kawai take yi. Ta rako ni har bakin get, ta taya ni gyara goyo. Na kasa daurewa, na riƙe hannunta.

"Mama, 'yarki ce fa."

Ta ja hular jaririyar ta rufe mata kunne, ta shafa bayanta sau biyu, sannan ta zare hannunta a hankali.

"Ki gaida mutanen gida, Hajiya."

Mai Keke Napep ya yi hon a bakin layi, na juya na tafi.